Shekarar da muka share duwatsun gangare

Bana ma ruwa ya yi mana irin halin nan nasa. Ya sauka sau ɗaya, ya jiƙa fuskar ƙasa, mutane suka fita da sungumi suka zuba iri, shi ke nan ya ɗauke ƙafa. Tun daga ranar, kullum bayan la'asar sai hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi ƙirin har kaji su fara neman akurki, sannan iska ta zo ta watsa shi, mata su maida kwanonin tarbar ruwa ɗaki. Ni da ba ni da ko taku ɗaya na gona a nan Gidan Rumji na fi masu gonar rashin sukuni. Tun rasuwar maigidana nake zaune wurin 'yata Sa'a, ana kawo mini abinci a kwano mai murfi, ana ce mini in huta. Hutun ne ban iya ba. In zauna, in tashi, in leƙa ƙofar gida in dubi sama, in dawo in sake tsince waken da aka riga aka tsince.

Ina cikin wannan kai da kawo ne Sa'a ta yi maganar, tana wanke-wanke, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Iya, Yaya ya bugo waya jiya. Ya ce shi kam bana ya huta. Masu gini sun ga duwatsun gonar gangare sun ce suna so, kamyo, babbar motar kayan nan, za shi zo daga Gazawa shi kwashe su. In anka share, sai garmar shanu ta shiga."

"Waɗanne duwatsu?"

"Layukan nan mana, da ke tare ma mutum hanya. Ko ke kin san wuyar da suke ba shi."

Na ce ta sake faɗi. Ta sake. Faifan waken da ke cinyata ban san lokacin da ya zame ba, sai ganin kaji na yi sun rufe shi. Sa'a ta tsaya da kwano a hannu tana kallona, don a saninta duwatsu ne kawai. Ba laifinta ba ne. Babu wanda ya taɓa gaya mata, babu kuma wanda ya taɓa gaya wa yayanta.

Garinmu yana kudu da Gazawa, dab da iyaka, inda kakanninmu suka yada zango da suka taso daga ƙasar Katsina. Mu mutanen jigawa ne. Mun san ta ciki da waje: yashi mai laushi, ruwa kaɗan ya ishe ta, ana yi mata binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, a kuma nome ta da hauyar tsaye mutum bai sunkuya ba. Geza mai tauri ce, ita sai ruwa ya ratsa ta sosai, kuma dole ka duƙa mata da gajeriyar hauya. Fadama ta masu rabo ce. Fako kuwa ko akuya ba ta ɓata lokacinta a kansa. Abin da ya sa muke damuwa da sunayen nan, sunan da ka ba ƙasa shi ke gaya maka kayan aikin da za ka ɗauka da ranar da za ka fita.

A bayan garin akwai dutse. Wanda ya shiga ƙasar Katsina ya ga nasu zai yi mana dariya, amma mu shi ke gare mu, kuma da shi muke yi wa baƙo kwatance. Manyan duwatsu ne masu ruwan toka da ɗigo-ɗigon baƙi da fari, irin waɗanda ake sassaƙa dutsen niƙa da su, sun hau kan juna. Daga gindinsu ƙasa ta gangaro, cike da ƙanana da matsakaita, har zuwa hanyar rijiya. Ba a taɓa noma gangaren nan ba. Na awaki ne da kunamu.

Shekarar da nake faɗa ta haura arba'in yanzu. Azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, kakar da ta wuce kuma ba ta cika rumbu ba. Surukina ya rasu, aka raba gandu tsakanin 'ya'yansa, maigidana da yake ƙarami ya tashi da wani siririn yankin jigawa da ta gaji da noma, fara fat kamar an wanke ta. Illa sunansa, yau dai na faɗa tunda ba ya nan balle in ji nauyi. Mu huɗu ne a gidan: shi, da ni, da mahaifiyarsa Inna Cima, da ɗana na fari yana goye.

Sau biyu muka shuka jigawar nan. Na farko binne muka yi, aka yi yayyafi ya ruɗi irin, ya tsiro, rana ta ƙone shi. Na biyu ya fito har ya yi kunne, sai wata iska ta taso da yashi mai zafi ta yini tana dukansa. Washegari muka je babu ko kore ɗaya, ramukan ma sun shafe. Daga nan rumbunmu ya zama wurin kwanan kaza. Anza muka koma ci, 'ya'yan itacen nan da sai an yi kwanaki ana jiƙa su ana zubar da ruwan kafin ɗacinsu ya sauka, kuma ko ya sauka yana nan maƙale a maƙogwaro. Da ita muke buɗe baki, da ruwan dusa, ran da aka yi sa'a a samu garin rogo daga tsallaken iyaka. Da hantsi ƙasa ta fi ƙarfin tafin ƙafa. Ruwan randa ma ɗumi gare shi. Yaron ya tsotsa, ya saki, ya yi kuka, ya sake kamawa. Inna ta ce in ajiye azumi saboda goyo, na ce mata in na ajiye me zan ci, da azumin da babu azumin ai tukunya ɗaya ce.

Abu guda ya rage a gidan. A tsaikon ɗakin Inna, inda hayaƙi ke bugu, akwai ɗan damin gero a rataye. Irinta ne, mai dogon kai, wanda uwarta ta zo da shi daga kudu. Kowace kaka ita ke shiga gona kafin a yi girbi, ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta ɗaure, ta rataye. A shukar farko ta hana a taɓa shi, a ta biyu ma ta hana. Akwai ranar da yaron ya yi kuka har muryarsa ta dishe, na tsaya a ƙofar ɗakinta ina kallon damin nan, ita kuma tana kallona. Na ji haushinta a ranar, ba zan ɓoye ba. Ta karɓi yaron ta goya shi.

Illa ya ce ba zai zuba irin nan a jigawar da ta cinye masa shuka biyu ba. Ya je wurin maigari ya roƙi gangaren dutse, aka ba shi ana murmushi. Hujjarsa kuwa mai kyau ce: ƙasa ce da ba ta taɓa gajiya ba, tun kaka da kakanni awaki ke zuba mata taki. Sai dai wace irin ƙasa ce? Nan aka tsaya. Maza suka taru a gangaren da safe, mu mata muna daga gefe da tulunanmu, aka haƙa rami aka duba.

Ban taɓa ganin irinta ba. Jaja-jaja ce, mai kaushi, in ka murza ta tana cizon yatsa, da wasu 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli da ke manne wa fata. Ba ta wuce taƙi guda ba sai ka iske dutsen da ya ruɓe, wanda in ka matsa shi a hannu yake marmashewa kamar dambu. Ƙasa da wannan kuma hauya ta yi ƙara ta dawo.

Habu, yayan Illa, ya ce, "Geza ce. Ku ji yadda take amsa hauya."

Wani dattijo ya ce, "Wannan ba ƙasa ba ce, tsakuwa ce. Ku bar ma awaki abinsu."

Illa ya ɗauki butarsa ya tsiyaya ruwa a kai. Ruwan ya shige nan take. Ya damƙi jiƙaƙƙiyar ƙasar ya buɗe hannu, ta warware.

"Geza tana kama hannu in ta jiƙe. Wannan ba ta da danƙo ko kaɗan. Yashi ne, sai dai mai kauri. Jigawa ce dutse ya rufe ma baki. A ɗauke dutsen a ga jigawa."

Kowa ya gyaɗa kai, har Habu, don maganar ta shiga hankali. Tunda jigawa ce, to binne za a yi mata, hauyar tsaye kuma za ta nome ta, hauyar tsaye kuwa ba ta tafiya inda akwai dutse. Inna kaɗai ta durƙusa ta ɗebi ƙasar, ta shinshina, ta daɗe tana juya ta a tafin hannu.

"Ni dai ban san ta ba," in ji ta. "Ƙasar da ban san sunanta ba tsoronta nike."

Amma ita ma ba ta da wani sunan da za ta ba ta. Washegari da ita aka fara ɗaukar dutse.

Gayya aka yi, irin ta shekarar yunwa, wadda babu fura babu tuwo, sai alkawarin in naka ya tashi za a zo maka. Ana idar da sallar asuba muke fita. Maza suna ɓanɓaro manyan da dagi suna mirgina su, mu mata muna cika kwanduna da ƙananan, mu ɗora a gammo, mu gangara mu zubar a ƙarshen gonar, can bakin hanyar rijiya. Kafin rana ta take tsaka leɓe ya tsage, miyau ya ƙafe, duwatsun sun yi zafin da sai ka naɗe hannu da tsumma. Kunama ta harbi mutum biyu. Wani abu da na lura da shi, duk dutsen da aka ɗaga, ƙasar da ke ƙarƙashinsa da sanyi take, wani wurin har da danshi, alhali an daɗe ba a ga ruwa ba. Nakan ɗora tafin ƙafata a gurbin in ji daɗi, in wuce. Ban kawo komai a raina ba, babu kuma wanda ya kawo.

Kafin sallah gonar ta fito fes, kamar tsakar gidan amarya. Duwatsun suka zama wani dogon tsibi a ƙasa, daga wannan iyaka zuwa waccan. Illa ya ɗauko hauyar tsaye ya tura ta daga sama har ƙasa ba ta yi tuntuɓe ba, ya juyo yana dariya, rabon da in ga haƙoransa tun rasuwar ubansa. Mutane suka riƙa biyowa ta hanyar rijiya don su gani. Ni ma na yi alfahari, har tafiyata ta canza.

Bayan sallah Inna ta sauke damin da kanta. Ita ta sussuke shi, ita ta sheƙe, ba ta bar ko kaza ta matso ba. Ta miƙa wa ɗanta ƙwaryar da hannu biyu.

"Ka dai sani babu wani bayan wanga."

"Na sani, Inna."

Ya shiga gaba da sungumi, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Ramukan ba su da zurfi, sungumin yana ta ƙara a kan dutsen ƙasa, amma muka ce ai binne ba ya son zurfi. Muka gama, muka koma jira. Jiran nan ya fi ɗaukar dutsen wuya. Illa ba ya zama wuri ɗaya, ya je gonar ya dawo, ya sake komawa korar zabbin daji da ba su zo ba. Inna kuwa ta riƙa ɗaga kai tana duban tsaikon ɗakinta inda babu komai.

Ruwan ya zo da rana, bayan azahar. Iska ta fara juyawa, ta kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa, sannan sama ta buɗe gaba ɗaya. Ruwa ne irin wanda ake shekara ana roƙo. Gari ya ɗauki guɗa, mata suna tara tukwane, tsofaffi suna hamdala a zaure. Jigawa tana shanye shi yadda yake zuba, ko kwanciya bai yi ba. Bai gama tsagaitawa ba Illa ya fita, na miƙa wa Inna yaron na bi shi a guje, zanina ya manne a jiki, ina dariya ni kaɗai.

Tun daga hanyar rijiya na ji ƙarar. Duk ruwan da ya sauka a kan manyan duwatsun sama, da yake ba shi da wurin shiga, gonarmu ya nufo. Da can yakan tarar da duwatsu a hanya, ya rarrabu, ya lafa. Yanzu mun share masa hanya da hannunmu. Ya sauko ja wur, ya tsaga gonar gida-gida, yana tafe da ƙasar kamar ana kwashe shimfiɗa. Inda muka bi muna jefa iri babu rami, babu ƙasa, sai ruɓaɓɓen dutse yana ƙyalli a ƙarƙashin ruwa. Illa ya shiga tsakiya ya tsaya, ruwan yana dukan ƙwaurinsa. Ya sunkuya ya tare da hannu biyu, kamar zai riƙe wani abu, ya ɗago hannun babu komai sai tsakuwa. Na kira shi bai ji ba. Tsoro ya kama ni, ba na gonar ba, nasa.

Da muka koma gida Inna ta dubi fuskarmu, ba ta tambaya ba. Ta gyara wa yaron goyo, ta shiga ɗaki.

Kwanakin da suka biyo baya gari ya koma gona. Duk mai sauran iri ya fita, wanda ba shi da shi ya samu wurin ɗan'uwa, mu kuwa babu wanda ya rage da abin da zai ba mu. Waɗanda suka taya mu ɗaukar dutse suka riƙa sauya hanya in sun hango ni. Illa ya daina fita ko masallaci. Ya ce mini in an kwana biyu zai tsallaka kudu neman aikin ƙarfi, in koma gidanmu da yaron, Inna ta koma wurin Habu. Ya faɗe ta a hankali, yana kallon ƙasa. Na san mazan da suka tafi a irin wannan shekara, na san kuma nawa ne ba su dawo ba.

Ganye na fita nema, tafasa ko yaɗiya, duk abin da ruwan ya tayar. Ban so in bi ta hanyar rijiya ba, amma nan ne kore ya fi yawa. Da na zo daidai tsibin duwatsun da muka zubar sai na ga wani abu a bayansa, ta ɓangaren gonar. Na hau na leƙa. Ƙasarmu ce. Duk wadda ruwa ya kwaso, nan ta zo ta tsaya, ta taru a jikin duwatsun har kusan gwiwa, jiƙe sharkaf, ruwan ya tsiyaye ta tsakaninsu ya bar ta. A kanta kuma, daga wannan iyaka zuwa waccan, gero ne ya tsiro cunkus, ya fi gashin kai yawa. Na zauna a kan dutse. Sai da na yi kuka na ƙoshi sannan na tafi kiran Inna.

Ta zo tana dogara sanda. Ta tura hannu cikin ƙasar har wuyan hannu, ta zaro, ta dubi gangaren da muka share, ta dubi tsibin.

"Ashe ɗiyar dutse ce," ta ce. "Ba a yaye ta ba munka raba ta da uwarta. Ga shi ta biyo ta."

Sunan da ƙasar ta samu ke nan, a gidanmu dai. Illa ya zo daga baya. Ya zagaya tsibin ya ga geron. Sannan ya sunkuya ya ɗauki dutse ɗaya daga saman tsibin, ya ɗora a kafaɗa, ya fara hawa.

Wannan karon babu gayya. Kunya ba ta bar shi ya kira kowa ba, kuma kowa yana ta kansa. Mu uku ne, sai yaron a bayana. Sauke dutse daban, hawa da shi daban, balle da cikin da babu komai sai tafasa. Ba mu watsa su yadda muka same su ba. Tsibin muka kwaikwaya: muka jera su layi-layi a gicciye, kowane layi ya tare wa ruwa hanya, muka bar na ƙasa da kaurinsa. Sannan muka riƙa ɗibar ƙasar a kwando muna maida ta bayan kowane layi. Da geron ya kai taƙi, duk ranar da aka yi ruwa sai mu cire shi a hankali mu yi dashe, Inna tana zaune tana raba saiwa da yatsunta. Wuyana ya kumbura, gashin tsakar kaina ya zube inda gammo ke zama. Masu wucewa rijiya suka samu abin nishaɗi, suna cewa ga mutanen gidan Illa can, masu kai dutse yawo, sun sauko da shi ya sha iska za su maida shi gida.

Ba mu rufe ko rabin gonar ba a shekarar, abin da muka girba kuma bai kai mu wata damina ba. Amma zangarniyar ta cika, doguwa, irin ta Inna sak. Ita ta fara shiga ta zaɓi nata ta rataye. Illa bai tafi kudu ba. Kowace rani bayan nan sai mun ƙara layi, ƙasar tana taruwa a bayansu tana duhu, har ta kai inda za ka tura hannu zuwa gwiwar hannu ba ka taɓa dutse ba. Gonar nan ita ta ciyar da 'ya'yana duka, a shekarun da jigawa ta ba mutane kunya.

Sai dai Illa bai taɓa son a tayar da maganar ba. In wani ya ɗauko ta a zaure sai ya tashi ya bar wurin, har mutane suka bari. Masu dariyar suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ke bayana Inna ta laƙaba masa Nadutse, sunan ya bi shi, shi da kowa suna ɗauka saboda taurin kai ne. Ni kuwa, da yake ɗana na fari ne, ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, ban taɓa zaunar da shi na yi masa doguwar magana ba. Ba a yi. Inna ce ta rene shi, ita ke hira da shi, ta kuwa tafi da labarin don kada ta taɓa mutuncin ɗanta.

Na ce wa Sa'a ta kira shi ta ce kada ya taɓa duwatsun. Ta kira. Ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa a cikin wayar yana cewa a ba Iya haƙuri, ya riga ya yi wa mutane alkawari, kamyo gobe za shi zo. Sa'a ta miƙo mini wayar, na kauda kai. Abin da ban faɗa masa ido da ido ba shekara arba'in, ba a cikin wannan 'yar aba zan faɗe shi ba.

Da sassafe na sa mijinta ya kai ni tasha. Daga Gidan Rumji zuwa Maradi, daga Maradi a canza mota, a tsaya Agiye a jira ta cika, ni ina zaune a takure ina ji kamar in sauka in tura ta. Gefen hanya duk gero ne ɗan ƙarami, ya yi rawaya, ya naɗe kunne. A Gazawa na hau kabu-kabu, abin da na rantse ba zan sake hawa ba. Da muka ɓullo ta hanyar rijiya la'asar ta yi, gabas kuma ta fara haɗa fuska.

Kamyon yana nan, ya juya baya ga gonar. Da layin ƙasa suka fara, tsohon tsibin, don shi ya fi kusa da hanya, sun kuwa ci kusan rabinsa. Inda suka kwashe, ƙasar ta tsaya tsirara kamar katangar da aka yanka, baƙa, saiwoyi suna leƙowa. Nadutse ya hango ni ya taho da sauri, babban mutum, har da furfura a gemu.

"Iya, ke ce da rana haka? Lahiya? Wa ya rasu?"

Ban dube shi ba. Dutsen sama na duba.

"Iya, in maganar duwatsun ce, ƙasar ga ta zauna. Tun ina yaro take nan ba ta motsa ba. Yara sun watse, wani Agadas, wani Kano. Ni kaɗai da hauya ba ni iya gama ta, shanu kuwa ba su ƙetare layi."

Gaskiya ya faɗa, na kuwa ji tausayinsa. Na ce, "Wa ya jera su?"

"Haka munka taso munka gan su."

"Ban ce wa ya gani ba. Wa ya jera su?"

Ya juya ya dubi layukan. Na ɗaga sandata na taɓa bakin ƙasar inda aka kwashe dutsen, taɓawa kawai. Wani ɓangare ya ɓalle, ya warware, ya gangara hanya yana ƙyalli.

Sai na gaya masa. Duka na gaya masa, da anzar, da damin Inna, da butar ubansa, da ubansa a tsaye cikin jan ruwa yana tarewa da hannu. Na nuna masa layi na biyu na ce wancan a kaina ya hau, kai kana bayana kana kuka. Ina magana ina kallon dutse, muryata ma baƙuwa na ji ta. Masu lodin suka tsaya da aiki. Iska ta juya, ta kawo ƙamshin nan da na sani.

Da na gama ya dubi layi na biyu. Can ya ce, a hankali, "Shi ya sa Inna ke ce mini Nadutse."

"Har da taurin kan," na ce.

Ya tafi wurin direban. Ban ji abin da suka faɗa ba, na dai ga hannuwa suna tashi, na ga direban ya buga ƙofa. Kamyon ya tafi da abin da ya riga ya ɗauka, ya bar waɗanda aka tara a bakin hanya ba a loda ba, ya bar mana giɓi a ƙasan gonar mai faɗin da shanu za su shige a jere. Gabas ta yi baƙi ƙirin, wannan karon kuma iskar ba ta watsa shi ba.

Na ajiye sanda na sunkuya kan wani dutse, matsakaici, irin wanda da nake ɗora biyu a kwando. Na ja, bai motsa ba. Na sake ja. Sai na ga hannunsa ya shigo ƙarƙashin nawa, ya ɗaga shi ya ɗora a kafaɗa.

"Ina za shi zauna, Iya?"

Na nuna masa da ƙafa. Ya ajiye, ya koma ɗauko wani. Ɗigon farko ya faɗo mini a bayan hannu, giɓin kuwa da sauransa.